Gwadabe Ya Turke Ɗan Tsere

Shekarar da kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin ma'aikatan gwamnati, suka sauka, Wudil sai da ta rikice. Malaman makaranta suka hau babura, masinjoji suka rungumo rediyo, har mai gadi za ka gani da agogo a hannu yana tare mutane yana tambayarsu ƙarfe nawa. Kowa ya sami abin yin taƙama. Amma duk garin babu wanda kansa ya kumbura kamar Gwadabe dillalin shanu, wanda ko ƙwandalar Udoji ba ta shiga aljihunsa ba.

Shi abin taƙamarsa biyu ne, idonsa da gashin bakinsa. Idon, in ji shi, in ya kalli bijimi daga tsallaken kogi sai ya gaya maka irin dusar da uwarsa ta sha. Gashin bakin kuwa, gaskiya ɗaya ce, abin kallo ne. Tun yana saurayi aska ba ta taɓa shi ba. Kullum safiya sai ya murza shi da man shanu, kowane ɓari ya miƙe ya lanƙwashe sama kamar ƙaho. Fulanin da ke kawo shanu kara ranar Juma'a ma ba su san sunansa ba, Mai Gashin Baki suke tambaya a nuna musu shi. Da shi yake cin abinci, da shi yake razana masu taya kaya da araha.

Mutum ɗaya wannan gashi ya tsone wa ido, Haladu wanzami, abokin wasansa tun na ƙuruciya. In ya hango Gwadabe tafe sai ya zaro aska daga zabira ya shiga wasa ta a tafin hannu.

Wata rana da la'asar ana zaune a majalisar ƙofar gidan Baba Wali, dattijon unguwa, sai aka kawo sanarwa a rediyo. Wai za a yi gagarumin tseren keke irin wanda ba a taɓa yi ba. 'Yan tsere za su zo daga ko'ina cikin ƙasa har da maƙwabta, mutanen da ba su da wata sana'a sai taka feda. Kuma ba rana ɗaya za a yi ba, zango-zango ne. Kullum a tashi daga wani gari a kwana a wani, ana tara wa kowa lokacin da ya ɓata a hanya, wanda nasa ya fi kaɗan a ƙarshe shi ya ci. Daga Kano za a tashi, a zaga ta Gumel da Haɗeja, a gangaro ta Gaya a kwana Wudil ranar Alhamis, Juma'a da safe a haye gada a ƙarasa birni.

Baba Wali ya girgiza kai. "Wato mutum da hankalinsa ya tashi, ba saƙo ba aike, ya yi ta taka keke har Haɗeja? Allah ya kyauta."

Gwadabe ya murza ɓarin dama na gashin bakinsa. "Ni da zan ga ƙafafunsu sau ɗaya, da tun yau na gaya muku wanda zai ci."

Haladu ya ce, "Kai? Kai da ka hau keke bara ka afka rumfar mai tukwane?"

"Birki ne ya ƙi."

"Birkin da ke hannunka, kana ta matsa ƙararrawa?"

Majalisa ta fashe da dariya. Gwadabe kuwa in aka yi masa dariya bakinsa kan riga hankalinsa tashi. Ya miƙe tsaye ya buga ƙirji. "Keke daban, mai keke daban! Abu ne mai rai, mai cinya, mai wuya? To duk mai cinya da wuya a hannuna yake. Zan je in duba su, in nuna muku gwani. In ba shi ya ci ba, ranar Juma'a a tsakiyar kara, Haladu ya aske wannan!" Ya kama gashin bakin da hannu biyu.

Baba Wali ya ce, "Gwadabe, baki shi ke yanka wuya fa."

"Na faɗa, Baba. Kai ne shaida."

Haladu ya ɗaga hannu sama ya shafa fatiha shi kaɗai.

Ana gobe tashi suka shiga mota su biyu sai Kano, Haladu ya ce ba zai yarda a yi duban nan a bayan idonsa ba. Suka tarar da 'yan tsere a wani fili suna ta goge kekuna, kowa da ɗan gajeren wando a matse. Gwadabe ya tattare babbar riga ya kutsa cikinsu kamar ya shiga kara. Ya matsa cinyar wannan, ya bugi ƙirjin wancan, ya ce wa wani ɗan Ikko ya juya ya ga bayansa. Wani kuma ya kama masa haɓa ya ce ya buɗe baki ya ga haƙora. Mutumin ya zabura ya yi ta surfa masa abin da ba ya ji.

"Me yake cewa?" in ji Gwadabe.

Haladu ya ce, "Gaishe ka yake yi, da kakanninka."

Suka zo kan wani siririn yaro ɗan Jos, wai shi Auta. Gwadabe ya dube shi sama da ƙasa ya taɓe baki. "Wannan ai ƙashi da rai ne. Ko kyauta aka ba ni sai na tambayi ciwon da ke damunsa."

"To ni shi na ɗauka," in ji Haladu, ba don ya san komai ba, don dai ya ƙular da shi.

Can gefe sai ga wani ƙato zaune yana ba taya iska, wuya a cike, cinyoyi kamar turame. Sunansa Labaran, mutumin Gusau. Da ya ga dattijo ya nufo shi sai ya ajiye abin da yake yi ya durƙusa ya gaishe shi. Gwadabe ya zaga shi sau biyu, ya lallatsa masa ƙwauri, ya ja da baya ya yi kabbara.

"Haladu, wasa askarka ka yanka albasa da ita. Ga bijimin nan!"

To abin haushi, ka san wani lokaci makaho ma yakan yi jifa ya samu. Zangon farko aka faɗa a rediyo Labaran ne a gaba. Na biyu ma shi ne. Aka ce har an ba shi wata riga ruwan ɗorawa, wadda sai mai jan gaba ke sa ta. Wayyo, mutanen Wudil suka shiga uku! Gwadabe ya hana kowa sakat. Ya je masallaci da maganar, ya je wurin mai shayi da ita, ya je ta'aziyya Darki ma sai da ya yi wa masu makoki bayanin cinya. Gashin bakin ya ƙara tsawo don murza. Ya fara cewa dama can shi ya fi gane mutane a kan shanu, shanun taimako ne kawai yake yi wa Fulani.

Da ya tsaya a nan da ya sha. Amma ina!

Alhamis da azahar 'yan tsere suka shigo Wudil, Labaran a gaba, gari ya ɗauki guɗa. Aka sauke su a wata makaranta. Kafin Labaran ya gama share gumi sai ga Gwadabe a kansa.

"Ɗana, a nan za ka kwana? A aji, kan benci, ina garin nan da raina? Tashi mu tafi gida."

"Baba, an ce kada mu fita, kuma abincinmu a ƙayyade yake."

"A ƙayyade! Ka ji zalunci. Shi ya sa na ga ka zabge." Ya saɓi keken Labaran a kafaɗa ya yi gaba. Shi kuwa bawan Allah, ga kunya ga kekensa yana tafiya, dole ya bi.

A gida Gwadabe ya shimfiɗa masa tabarma a zaure ya leƙa ciki ya ƙwala wa matarsa kira. "Hansai! A tuƙa na dawa, a kaɗa kuka, a zuba man shanu har ya yi iyo. A aika bakin kogi a samo tarwaɗa. A dama fura da kindirmo."

Hansai ta fito tana goge hannu. "Malam, mutum ne fa, ba bijimin turke ba. Ba a fafe gora ranar tafiya."

"Ke me kika sani? Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Dabbar da za ta yi doguwar tafiya ai turke ta ake yi a cika mata ciki. Kuma ki dama kunun kanwa, ki ƙara kanwar."

"Kanwa, ga mai tafiya gobe?"

"Haka nake yi wa nawa, kin taɓa ganin sun koka?"

Labaran ya ci malmala ɗaya ya ce alhamdu lillahi ya janye hannu.

Gwadabe ya ɓata rai. "Hansai! Baƙo ya raina girkinki."

"Subhanallahi, Baba, ba haka ba ne!"

"To bismilla."

Ya ci ta biyu. Ya sha romon tarwaɗa. Ya sha fura. Yana cikin neman inda zai sa numfashi sai aka yi sallama. Ka san al'adar unguwa, in maƙwabci ya yi babban baƙo kowane gida sai ya aiko da kwano. Gidan Baba Wali suka aiko da dambu. Gidan liman suka aiko da waina. Gidan Ya'u mai gyaran keke ɗanwake, gidan sarkin pawa balangu, wata tsohuwa daga Kausani da ta zo ganin jika ta ce ita ma ba za a bar ta a baya ba, ta aiko da zogale da ƙuli. Har gidan Haladu aka aiko da shinkafa da wake, kwanon ma ya fi na kowa girma, kuma ni dai ban yarda don Allah ya yi ba.

Gwadabe ya jera kwanukan a gaban baƙo. "Kowanne sai ka sa hannu. In kwano ya koma yadda ya zo, gaba ce ka haɗa ni da mai shi har abada."

Labaran ya dubi kwanuka, ya dubi ƙofa, ya dubi Gwadabe da ya tokare ƙofar. Wallahi yaron nan ya ba ni tausayi. Ya yi ta sa hannu har aka kira magariba, ya yi sallar a zaune.

Gari na wayewa, baƙo na kwance yana nishi, Gwadabe ya sake saɓar keken sai rumfar Ya'u.

"Ya'u, dubi abin da suka ba bawan Allah yake hawa. Keke tsirara! Ba kariya, ba fitila, ba ƙararrawa, ko jak na tsayar da shi babu."

Ya'u ya ɗaga keken da yatsa biyu ya riƙe baki. "Kai, talauci bai yi ba. Yanzu in matarsa za ta unguwa ina zai ɗora ta? Dubi kan ma, ya lanƙwashe ƙasa. Faɗuwa ya yi da shi."

"Miƙe masa. Duk abin da keken mutunci ke da shi a sa masa."

Ya'u ya zage. Ya juya kan keken sama. Ya ɗaura kariya ta ƙarfe irin ta masu dakon buhu. Ya sa fitila, ya sa jak, ya sa madubi dama da hagu, ya sa ƙararrawa biyu. Sirdin da ya ga ya cika siranta ya naɗe shi da tsumma ya lulluɓe da fatar tunkiya. Ya rataya geza ja da kore a hannuwa. Da suka gama su biyu suka ja da baya suna kallo, kowa na yaba wa ɗan'uwansa.

Daga nan Gwadabe ya zarce bakin gada. Ranar kasuwa ce, garken shanu sun fara isowa. Ya sami Ƙasimu, mai koro masa shanu, ya ja shi gefe ya rage murya.

"Ka tsare garken nan a gefen titi. Nawa kullum shi ne a gaba. Da ka ga na gaba ya hau gada, ka sako su su cika hanya. Sauran su tsaya su yi ta kallon wutsiya."

Ƙasimu ya sosa ƙeya. "Yaya zan gane naka, maigida?"

"Na ce maka na gaba! Sai an zana maka?"

Da Gwadabe ya koma gida ya tarar Labaran ya lallaɓa ya sa rigarsa ruwan ɗorawa, tana neman yagewa a ciki. Aka kawo ɗumame da koko da ƙosai. Labaran ya roƙa, ya haɗa da Allah da Annabi, Gwadabe ya ce a gidansa baƙo ba ya fita da yunwa. Bayan ya ci aka gungura masa kekensa.

Labaran ya tsaya. Ya zaga keken. Ya ce, "Baba, ina nawa?"

"Shi ne wannan, ɗana. Kada ka yi godiya, yi wa kai ne."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un!"

"Ka gani, Hansai? Murna ta hana shi magana."

A kan kariyar kuwa an riga an ɗaure guzuri, ƙullin kilishi, da goran fura, da wani jan zakara mai rai, ƙafafu a ɗaure, yana ta zare ido. Labaran ya kai hannu zai kwance, sai aka jiyo usur daga wajen makaranta. Ya ce a bar shi ya ruga. Gwadabe ya ce haba, ya tafi bai yi sallama da waɗanda suka ciyar da shi ba? Ya ja shi ƙofar Baba Wali, ya ja shi ƙofar liman. Ina kwana, ina gajiya, yaya baƙunta, yaya mutanen Gusau, yaya aka baro su da ruwa, a gai da mahaifi, a gai da mahaifiya. Liman ya ɗaga hannu ya ja addu'a mai tsawo. Labaran na amin yana taka ƙasa kamar mai jin fitsari.

Ko da suka isa, an jera, mai tuta ya ɗaga hannu. 'Yan tsere suka waiwayo suka ga mai rigar ɗorawa tafe da madubai da geza da zakara. Wani ya faɗi daga kan kekensa don dariya. Ɗaya daga cikin alƙalan tsere ya zaga keken ya ce shi dai a saninsa doka ba ta hana mutum ƙara wa kansa kaya ba. Aka kaɗa tuta.

Fuuu! Kamar an watsa tsaba, suka ɓace. Labaran ya taka, keke ya ce bai san zance ba. Ya miƙe tsaye ya taka, ƙararrawa biyu suka kama kaɗa kansu, jak ya sauko yana kartar kwalta, zakara ya buɗe maƙogwaro ya yi cara. Cikinsa kuma, kanwa ta fara aiki, ya shiga ba zakaran amsa. Gwadabe ya haye nasa keken ya bi shi a baya wai rakiya, riga na tashi, yana ihu.

"Taka, ɗana! Dabara ce, jama'a, dabara ce! Barinsu yake su gaji!"

A bakin gada mutane sun yi dafifi, 'yan kasuwa da masunta da matan Fulani da ƙoren nono a ka. Ƙasimu ya hango na gaba ya hau gada. Ya ɗaga sanda ya yi wa shanu tsawa. To saniya ba ta san gaggawa ba. Kafin ta farko ta gama shawara ta ɗora ƙafa a kwalta, 'yan tsere kaf sun haye sun yi nisa. Sannan garke ya malalo ya cika titi maƙil, ƙaho na gogar ƙaho. Daidai nan mai rigar ɗorawa ya iso, ƙililin ƙililin, ya shige tsakiyarsu ya tsaya cak.

Wata saniya ta sa baki ta fara cin geza. Wani bijimi ya leƙa madubi ya ga wani bijimin yana harararsa, ya ja da baya ya kai masa karo. Goran fura ya fashe. Zakara ya tsinke igiya ya haye tozon wata karsana yana fuka-fuki.

Gwadabe ya iso a guje. Ya nemi birki, hannunsa ya sami ƙararrawa. Ya daki gindin wani baƙin bijimi, bijimin ya juyo ya saƙala ƙaho a babbar rigarsa ya ɗaga shi ya ajiye a gangare. Ya mirgina, ya mirgina, sai cikin taɓon bakin kogi, kusa da wani masunci da ke wanke koma. Masuncin ya dube shi ya ce, "Sannu da zuwa, Mai Gashin Baki. Yau ta ruwa aka biyo?"

Yana rarrafowa sama, taɓo har gira, sai Ƙasimu ya hango shi. Ya ɗaga sanda cikin murna ya kware murya yadda duk gada za ta ji.

"Maigida! Na yi yadda ka ce! Na gaba na wucewa na sako su! Ga shi na tare maka wannan mai zakaran, ko motsi ba zai yi ba!"

Jama'a suka dubi Gwadabe, suka dubi mai zakara. Sai kuma aka kece. Matan Fulani suka sauke ƙore don kada nono ya zube. Haladu ya zauna a ƙasa daɓas yana riƙe da ciki yana cewa a taimake shi.

Da ƙyar aka janye shanu. Labaran ya sauko, ya ari sifana wurin wani direba ya kwance kariya da jak ya ajiye a gefen titi. Ya zo gaban Gwadabe, ladabinsa na nan yadda yake, ya rusuna.

"Baba, na yi tsere da mutanen Ikko, na yi da na Yamai, babu wanda ya taɓa shan gabana. Kai kaɗai ka iya. Allah ya saka da alheri, a gai da Inna." Ya hau ya bi sawun 'yan'uwansa yana tafe yana dafe ciki, jama'a na yi masa tafi.

Bayan an sauko daga Juma'a aka kawo sakamako a rediyo. Auta ɗan Jos ya ci. Labaran ya iso daga ƙarshe, an ce har an fara naɗe tabarmi.

Kafin la'asar kara ta cika ta batse, ciniki ya tsaya. Aka kawo turmi aka kife a tsakiyar fili. Haladu ya zo da zabirarsa ya yi sabon wanka har da turare. Aka nemi Gwadabe aka rasa, sai da aka zaƙulo shi a bayan wata motar shanu yana cewa lissafi yake yi. Aka zaunar da shi. Ya dubi askar, ya dubi Fulanin da suka san shi da gashin nan tun suna bin iyayensu kasuwa, idonsa ya kawo ruwa. A nan kam tsoro ya kama shi na gaske. Amma bakin bai mutu ba.

"Tsaya! Baba Wali, a yi adalci. Wa na nuna?"

"Labaran."

"Wa ke gaba tun daga Kano har Wudil?"

"Labaran."

"To idona ya yi ƙarya? Duk ƙasar nan an rasa mai tsayar da shi sai ni. Da bakinsa ya faɗa, kowa ya ji! Wanda ya san gwani, ya kuma san abin da ke kayar da gwani, shi za a wulaƙanta?"

Haladu ya ce, "Cewa ka yi zai ci. Ya ci?"

"Ya ci mana! Ka tambayi Hansai irin cin da ya yi!"

Aka sake kecewa. Baba Wali ya ɗaga sandarsa aka yi shiru. Ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce, "Maganar gaskiya, Gwadabe yana da rabin gaskiya. Ido ya gani daidai, hannu ne ya ɓata. Saboda haka ba za a zalunce shi ba. A aske ɓari ɗaya, a bar masa ɗaya. Kuma kada wani wanzami ya taɓa wanda aka bari sai kasuwa ta zagayo."

Gwadabe ya yi tsalle daga kan turmi. "Allahu akbar! Kun ji ko? Rabin gaskiya! Haladu, ka ji kunya. Zo ka ɗauki ɗan rabonka ka ba ni wuri."

Ya zauna ya miƙa fuska yana ta yi wa jama'a murmushin nasara. Haladu ya jiƙa ɓarin hagu, ya yi bismilla, ya ja aska sau ɗaya, ya ja sau biyu. Abin da aka shekara talatin ana kiwo ya faɗo a cinyar Gwadabe. Wurin ya fito fari fat, bai taɓa ganin rana ba. Haladu ya goge aska, ya ciro ɗan madubinsa ya miƙa masa da hannu biyu.

Gwadabe ya duba. Ta dama dillali ne mai kwarjini, ƙaho a miƙe. Ta hagu wani yaro ne da bai taɓa gani ba. Ya juya nan, ya juya can. Ya rufe ɓari ɗaya da tafi, ya buɗe. Wani Bafillace da ya iso yanzu da shanunsa ya matso yana tambaya ina Mai Gashin Baki, aka nuna masa. Ya leƙa ta wannan gefe, ya zaga ya leƙa ta wancan, ya ce a'a, shi guda yake nema, ba rabi ba.

Ko da Gwadabe ya ɗago, Haladu ya rataya zabira ya kama hanya. Ya tashi ya bi shi da gudu, hannu a kan baki, kara gaba ɗaya na biye da su.

"Haladu! Haladu, don girman Allah dawo ka ƙarasa!"

"In ƙarasa me?"

"Ɗayan! Kwashe shi, na yafe!"

Haladu ya tsaya ya juyo, ya dafa ƙirji kamar an zage shi. "Ni? In sa aska a ɓarin da ya san keke? Allah ya tsare ni da taɓa gaskiya, Gwadabe. Riƙe abinka, sai Juma'a."